Abin da ke sa matuƙan jiragen yaƙi sumewa a sararin sama

Matuƙin jirgin yaƙi mai ƙoshin lafiya zai iya sumewa a kan kujerarsa cikin daƙiƙa biyar, idan ya karya kwana mai tsanani alhali jirgin na tsala gudu.

Likitocin sojan sama sun shafe fiye da shekara 100 suna nazarin wannan matsala, wadda ta yi sanadin mutuwar ƙwararrun matuƙa a ƙasashe da dama, ba tare da an harbe su ko injin jirginsu ya samu tangarɗa ba.

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na jihar Katsina, jama'a sun saba ganin jiragen yaƙin Najeriya na shawagi, tun bayan da hare-haren 'yan bindiga suka yi ƙamari a dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna.

Mai kallo daga ƙasa a gari kamar Mabai zai ga jirgi ya kawo sura tamkar shirwa, sa'an nan ya ɗago ya yi sama cikin ƙiftawar ido.

Lokacin ɗagowar nan shi ne mafi tsanani ga jikin wanda ke ciki, domin a sa'ar ne jini ke barin kansa ya gangara ƙafafu.

Masana harkar jiragen sama na taƙaita sunan wannan suma da haruffan G-LOC, wato gushewar hankali sakamakon ƙarfin G.

Mene ne ƙarfin G?

Duniya na jan kowane abu zuwa ƙasa, kuma wannan jan shi ne ke ba mutum nauyinsa. Idan aka saki dutse daga sama, gudunsa kan ƙaru da mita 9.8 cikin daƙiƙa, a duk daƙiƙar da ta wuce.

Wannan ma'auni shi ake kira G 1, kuma a cikinsa kowa ke rayuwa, yana zaune ko yana tsaye.

Gudu shi kaɗai ba ya ƙara wa jiki nauyi. Fasinjan jirgin da ke tafiyar kilomita 900 cikin sa'a zai sha shayinsa lafiya lau, muddin jirgin na tafiya a miƙe.

Nauyin na ƙaruwa ne idan gudun ya canja farat ɗaya, ko kuma aka sauya alƙibla.

Duk wanda ya taɓa wulwula majajjawa don korar tsuntsaye a gona ya san yadda dutsen ke lafewa a cikinta, igiyar kuma ta riƙa yi wa hannu nauyi gwargwadon saurin juyin.

Haka matuƙi ke lafewa a kujerarsa yayin da jirgi ke shan kwana, ko yake ɗagowa bayan ya sulalo ƙasa.

Jirgin da ya karkata da digiri 60 yana kwana ba tare da ya rage tsawonsa daga ƙasa ba, yana ɗora wa na cikinsa G 2, wato ninki biyu na nauyinsu. Idan karkatar ta kai digiri 80, nauyin ya kusa ninki shida.

Gudu na ƙara tsananta al'amarin, domin idan aka ninka gudun jirgi sau biyu a kwana iri ɗaya, ƙarfin da ke danna matuƙin zai ninka sau huɗu.

A G 7, mutum mai nauyin kilo 70 zai koma kilo 490, kusan nauyin buhun masara biyar ke nan. Ɗaga hannu ya zama aiki, fatar fuska ta zazzago, jini kuma nauyinsa ya kusa na narkakken ƙarfe.

Yadda jini ke barin ƙwaƙwalwa

Tsakanin zuciyar mutumin da ke zaune da idanunsa akwai tazarar kimanin santimita 30, kuma wajibi ne zuciya ta tura jini ya hau wannan tazara a kowane bugu.

A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi a asibiti, ƙarfin jinin mai lafiya a daidai zuciya yakan kai 120. Hawan da jinin ke yi zuwa kai na cinye kimanin 22 daga ciki, saboda haka abin da ke isa ido bai wuce 98 ba.

Kowane G ɗaya da ya ƙaru zai sake cinye wani 22. A G 3 saura 54, a G 5 kuwa saura 10 kacal.

Bugu da ƙari, jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya suna da taushi, suna kuma buɗewa idan nauyi ya yi musu yawa. Sai jini ya taru a ciki da cinyoyi da ƙafafu, zuciya ta rasa isasshen abin da za ta tura.

Irin wannan ne, a ƙaramin mataki, ke sa mutum ya ji jiri idan ya miƙe tsaye da sauri bayan ya daɗe a zaune, ko soja ya yanke jiki ya faɗi a filin fareti.

Ƙwaƙwalwa dai ba ta ajiyar iskar oksijin. Idan jini ya yanke mata, abin da ke cikinta zai riƙe ta na daƙiƙa huɗu zuwa shida ne kawai.

Jiki na da tasa dabarar kariya. Akwai wasu jijiyoyi a wuya da kusa da zuciya da ke lura da faɗuwar ƙarfin jini, su sa zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin jini kuma su tsuke.

Sai dai kuma wannan martani na buƙatar daƙiƙa shida zuwa goma kafin ya kankama, wato yakan iso ne bayan ajiyar ƙwaƙwalwar ta ƙare.

Raƙumin dawa, irin wanda ake samu a yankin Kure kusa da Yamai a jamhuriyar Nijar, na rayuwa ne da makamanciyar wannan matsala, ganin cewa kansa na da nisan kusan mita biyu daga zuciyarsa.

Ƙarfin jininsa ya ninka na ɗan Adam, fatar ƙafafunsa kuma a ɗame take ƙwarai, ta yadda jini ba ya samun wurin taruwa.

Gani ne ke fara ɗaukewa

Idan ƙarfin G na hawa sannu a hankali, ido ne ke fara yi wa matuƙi gargaɗi.

Dalili kuwa shi ne ƙwayar ido na da nata matsin a ciki, wanda ya kai kimanin 15 zuwa 20 a wancan ma'auni. Sai ƙarfin jini ya zarce wannan kafin ya iya shiga, don haka ido kan rasa jini tun ƙwaƙwalwa na da sauran rabo.

Da farko launuka kan dusashe, komai ya koma fari-fari kamar ranar da hazon hunturu ya sauka.

Daga nan sai gefe da gefe su rufe, mutum ya riƙa gani kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Mataki na uku shi ne gani ya ɗauke baki ɗaya, ko da yake matuƙin na cikin hayyacinsa, yana jin magana a rediyo, yana kuma iya motsa hannunsa. Idan ya sassauta sandar tuƙi a nan, ganinsa zai dawo nan take.

Idan kuwa ya ci gaba da ja, abin da zai biyo baya shi ne suma.

Wani bincike da rundunar sojan ruwan Amurka ta wallafa a shekarar 1954, bayan gwajin mutum 1,000 a Pensacola ta jihar Florida, ya nuna matsakaicin inda waɗannan matakai ke faruwa ga wanda ya saki jikinsa ba tare da wata kariya ba.

Ganin gefe ya ɗauke a G 4.1, duhu ya rufe a G 4.7, suma kuma ta zo a G 5.4.

Amma jiragen yaƙi na zamani na iya tashi daga G 1 zuwa G 9 cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. A irin wannan hali babu hazo, babu bututu. Matuƙin na gani garau na 'yan daƙiƙoƙi, sa'an nan hankalinsa ya gushe ba tare da wata alama ba.

Rabin minti babu mai tuƙi

Da zarar mutum ya suma, kansa kan langaɓe, hannunsa ya saki sandar tuƙi. Sakin sandar kan rage ƙarfin G, jini ya fara komawa kai.

To amma farfaɗowa ba ta zuwa nan da nan.

Dr James Whinnery, wani likitan sojan Amurka da ya yi nazarin ɗaruruwan mutanen da suka suma a na'urar gwaji, ya gano cewa sumar kanta na ɗaukar kimanin daƙiƙa 12.

Bayan ta kuma akwai wasu daƙiƙoƙi kamar 15 da mutum zai buɗe ido amma yana cikin ruɗewa, bai san inda yake ba, bai kuma san abin da ya kamata ya taɓa ba.

Da yawa daga cikin waɗanda aka gwada sun riƙa fizge-fizgen hannu da ƙafa gab da farfaɗowa. Wasu sun ba da labarin gajerun mafarkai, inda suka ga iyalansu ko wuraren da suka sani.

Wasu kuma sun musanta cewa sun suma, sai da aka nuna musu hoton bidiyon kansu.

Wannan mantuwa na daga cikin abubuwan da suka sa aka daɗe ba a san girman matsalar ba. Da aka yi wa matuƙa tambayoyi ba tare da rubuta sunayensu ba a shekarun 1980, kimanin kashi 12 cikin 100 na waɗanda suka amsa a rundunar sojan saman Amurka, da kashi 19 cikin 100 a ta Birtaniya, sun ce abin ya taɓa samun su.

Jirgin da ke gudun kilomita 900 cikin sa'a na cin mita 250 a kowace daƙiƙa. Cikin rabin minti zai yi tafiyar kilomita bakwai da rabi.

Idan hancinsa na kallon ƙasa, kuma tsawonsa bai kai haka ba, to ba matuƙin kaɗai ke cikin haɗari ba, har da mutanen da ke gonaki da gidajen da ke ƙarƙashinsa.

Tarihin gano matsalar

Tun lokacin yaƙin duniya na ɗaya matuƙa suka fara ba da labarin duhun da ke rufe musu ido idan suka yi kwana mai tsanani.

Jim kaɗan bayan yaƙin, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, Henry Head, ya rubuta rahoto a kan matuƙan da ke sumewa a sama.

A shekarar 1924, matuƙin sojan Amurka Jimmy Doolittle ya ɗaura wa jirginsa na'urar awo, ya riƙa sulalowa yana ɗagowa har ya kai G 7.8, ya kuma danganta ɗaukewar ganin da raguwar jini a kai.

A yaƙin duniya na biyu, jirgin Jamus samfurin Stuka, wanda ke sulalowa kusan a tsaye don jefa bam, an yi masa wata na'ura da ke ɗago shi da kanta, saboda an san matuƙin na iya fita hayyacinsa a wannan lokaci.

A ɓangaren ƙawance kuwa, Dr Wilbur Franks na jami'ar Toronto a Kanada ya ƙirƙiro wata riga mai ruwa a cikinta, wadda ke matse ƙafafu da ciki idan nauyi ya ƙaru.

Matuƙan sojan ruwan Birtaniya sun yi amfani da ita a watan Nuwamban 1942, yayin farmakin da aka kai arewacin Afirka ta gaɓar Aljeriya.

Rigar na da nauyi da zafi, don haka aka koma ga mai amfani da iska, wadda Dr Earl Wood da abokan aikinsa na asibitin Mayo a jihar Minnesota suka taimaka wajen ingantawa.

Matsalar ta sake kunno kai da ƙarfi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da aka fara amfani da jirage irin su F-15 da F-16, waɗanda ƙarfensu ke jure abin da jikin mutum ba zai jure ba.

Tsakanin 1982 da 1990, rundunar sojan saman Amurka ta danganta haɗurra 18 da irin wannan suma, inda matuƙa 14 suka rasa rayukansu.

Hanyoyin kariya

Kariya ta farko ita ce wandon matsi. Yana da jakunkunan roba biyar, biyu a sha-raɓa, biyu a cinyoyi, ɗaya a mara, kuma an haɗa shi da jirgin ta wani tiyo.

Idan nauyi ya wuce kimanin G 2, jirgin da kansa zai hura iska a jakunkunan, su matse jijiyoyi, su hana jini taruwa a ƙasa. Wandon kan ƙara wa mutum juriyar G 1 zuwa 1.5.

Kariya ta biyu, wadda ta fi ta farko tasiri, ita ce yunƙurin da matuƙin ke yi da jikinsa.

Zai ɗaure tsokar ƙafafu da cinyoyi da mazaunai da ciki iya ƙarfinsa, ya ja numfashi, ya toshe maƙogwaro yana nishi a ciki kamar mai ɗaga kaya masu nauyi.

Duk bayan daƙiƙa uku sai ya fitar da iskar ya shaƙi wata cikin gaggawa, ya sake toshewa. Wanda ya ƙware zai iya ƙara wa kansa juriyar G 3 ko fiye.

Sharaɗin shi ne a fara yunƙurin kafin nauyin ya sauka. Binciken haɗurra da dama ya nuna cewa matuƙin ya makara ne wajen farawa, galibi saboda hankalinsa na kan abin da yake bi ko yake hari.

Aiki ne mai gajiyarwa ƙwarai, shi ya sa ake son matuƙan jiragen yaƙi su riƙa motsa jiki na ɗaga ƙarfe don ƙarfafa ƙafafu da ciki da wuya.

A jirgin F-16 an kwantar da kujerar baya da digiri 30. Wasu jiragen, kamar Typhoon na ƙasashen Turai, na tura wa matuƙi iska da ƙarfi ta takunkumin fuska domin ƙara matsi a ƙirji.

Manyan rundunoni na horar da matuƙansu a wata na'ura mai dogon hannu, wadda ke wulwula ɗan ƙaramin ɗaki kamar majajjawa, likitoci na kallo ta kyamara. Birtaniya ta buɗe sabuwar irin wannan na'ura a sansanin Cranwell a shekarar 2019.

A nan ne matuƙi ke sanin iyakar jikinsa, ya kuma ɗanɗani suma a wurin da ba za ta halaka shi ba.

Idan jini ya yi sama

Akwai kuma kishiyar wannan hali, wato lokacin da matuƙi ya tura hancin jirgi ƙasa da ƙarfi, ko yake tafiya a kife.

A nan jini kan taru ne a kai, fuska ta kumbura, ido ya yi ja, kai ya yi ciwo. Jiki ba ya jure wannan fiye da G 2 zuwa 3.

Haɗarin da ya fi girma na zuwa ne idan aka tashi daga wannan hali aka faɗa wancan kai tsaye.

Yayin da jini ya cika kai, jiki kan rage bugun zuciya ya saki jijiyoyi. Idan a wannan lokaci aka ja sandar tuƙi, nauyin zai tarar da zuciya a sanyaye, sai mutum ya suma a matakin da ya saba jurewa.

Abin da ya faru ke nan da Manjo Stephen Del Bagno na tawagar wasan jirage ta Thunderbirds ta sojan saman Amurka, ranar 4 ga watan Afrilun 2018 a jihar Nevada.

Rahoton bincike ya ce ya yi tafiya a kife cikin kimanin G 2 mai tura jini sama, daga nan ya ja jirginsa F-16 har ya wuce G 8.5. Ya suma, bai kuma dawo hayyacinsa da wurin da zai ceci kansa ba.

A Ingila ma, Flight Laftanar Jon Egging na tawagar Red Arrows ya rasu ranar 20 ga watan Agustan 2011 kusa da Bournemouth, bayan wani kwana da ya kai G 6.3. Binciken da aka gudanar ya nuna cewa hankalinsa ya kusa gushewa gaba ɗaya kafin jirgin ya faɗi.

Kafin nan, a watan Afrilun 2007, Laftanar Kwamanda Kevin Davis na tawagar Blue Angels ya rasu a jihar Carolina ta Kudu bayan ya kai G 6.8. Matuƙan wannan tawaga ba sa sa wandon matsi, saboda kumburinsa na iya motsa hannun da suke ɗorawa a cinya suna tuƙi.

Dukkan mutanen uku ƙwararru ne da aka zaɓo daga cikin fitattun matuƙan ƙasashensu.

Jiragen Najeriya da yanayin arewa

An kafa rundunar sojan saman Najeriya a shekarar 1964, kuma a farkon shekarun 1980 ta sayi jiragen Alpha Jet, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, waɗanda suka yi aiki a Laberiya da Saliyo, daga bisani kuma a yaƙi da Boko Haram da 'yan bindigar arewa maso yamma.

Matuƙa kan fara koyon tuƙi a Kaduna, sa'an nan waɗanda za su tuƙa jiragen yaƙi su wuce Kano, inda aka daɗe ana horo da jirgin L-39 ƙirar ƙasar Czech. An ƙera wannan jirgi ya jure G 8.

A shekarar 2021 rundunar ta karɓi jiragen JF-17 guda uku daga Pakistan, masu jure G 8, da kuma Super Tucano 12 daga Amurka, waɗanda rukunin farko na guda shida ya sauka a Kano a watan Yuli.

Super Tucano mai farfela ne, amma yana jure G 7, wanda ya zarce matakin da ke sumar da mutumin da bai shirya ba.

Aikin kai hari a daji na buƙatar jirgi ya sauko kusa da ƙasa. Misali, jirgin da ke gudun kilomita 720 cikin sa'a, idan ya ɗago a kwanan da faɗinsa daga tsakiya ya kai mita 800, zai ɗora wa matuƙinsa kimanin G 6, a wurin da babu sauran tazarar yin kuskure.

Yanayi ma na da tasiri. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi a jihar Katsina kan wuce digiri 40, cikin jirgin da ke tsaye a rana da murfin gilashi kuwa ya fi haka.

Zufa na rage ruwan jiki, ruwan jiki idan ya ragu jini ma ya ragu, zafi kuma na buɗe jijiyoyin fata. Gwaje-gwaje sun nuna cewa rasa ruwan da ya kai kashi uku cikin 100 na nauyin jiki na rage tsawon lokacin da mutum zai jure nauyi mai yawa ƙwarai da gaske.

Yunwa da rashin barci da zazzaɓi da gudawa da shan barasa duk suna rage juriya. Haka ma daɗewa ba a tashi jirgi ba, ko da na 'yan makonni ne.

Dogon mutum ya fi gajere saurin sumewa, saboda tazarar zuciyarsa da kansa ta fi yawa. Tsakanin maza da mata kuwa, binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1980 bai sami wani bambanci na a zo a gani ba.

A watan Oktoban 2019 ne Kafayat Sanni ta zama mace ta farko da ta samu shaidar tuƙa jirgin yaƙi a Najeriya.

Me ya sa kujerar tsira ba ta sumarwa?

Ranar 18 ga watan Yulin 2021, 'yan bindiga suka harbo wani jirgin Alpha Jet yayin da yake komawa daga wani farmaki a kan iyakar jihohin Zamfara da Kaduna, yankin da ke maƙwabtaka da Faskari da Sabuwa.

Matuƙin, Flight Laftanar Abayomi Dairo, ya cilla kansa waje da kujerar tsira, ya sauka da laima. Rundunar ta ce ya ɓuya daga masu farautarsa har dare ya yi, daga bisani ya isa wani sansanin sojan ƙasa.

Kujerar tsira na harba mutum sama da ƙarfin da ya kai G 12 ko fiye, wato ninki biyu na abin da ke sumarwa.

Amma harbin ba ya kai daƙiƙa ɗaya, don haka yakan ƙare tun ajiyar oksijin ta ƙwaƙwalwa ba ta taɓu ba. Abin da likitoci ke dubawa bayan irin wannan fita shi ne ƙashin baya da wuya, waɗanda kan iya tsagewa.

Wannan na nuna cewa tsawon lokaci da kuma inda nauyin ya dosa suna da muhimmanci kamar yawansa.

A watan Disamban 1954, likitan sojan Amurka John Stapp ya hau wata kujera mai roka a kan dogo a jihar New Mexico, ta kai gudun fiye da kilomita 1,000 cikin sa'a, aka tsayar da ita cikin daƙiƙa ɗaya da rabi.

Ya jure G 46 ta ƙirji da baya bai suma ba, ko da yake jini ya cika masa ido, ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci. Ya rayu har zuwa shekarar 1999.

Saboda wannan dalili ne 'yan sama jannati ke kwanciya rigingine yayin tashi da dawowa. A shekarar 2008, kumbon Soyuz na Rasha ya dawo duniya da mutum uku cikin nauyin da ya kai G 8, kuma duk sun tsira.

Fasinjoji fa?

Maniyyata aikin hajji da sauran matafiya da ke tashi daga filayen jiragen saman Katsina ko Kano ba sa fuskantar wannan matsala.

Jirgin fasinja ba ya karkata fiye da kimanin digiri 30 a tafiyar yau da kullum, abin da ke ba da G 1.15. Ƙa'idar ƙera manyan jiragen fasinja ma ta tsaya ne a kan su jure G 2.5.

Idan fasinja ya suma a jirgi, galibi dalilin shi ne ƙishirwa ko gajiya ko daɗewa a zaune ko wata rashin lafiya da yake da ita.

Na'urar da ke karɓar tuƙi

Da yake horo da wandon matsi ba su kawar da matsalar ɗungurum ba, injiniyoyi sun koma neman hanyar da jirgi zai ceci kansa.

A shekarar 2014 sojan saman Amurka suka fara sa wa jiragen F-16 wata na'ura mai suna Auto-GCAS, wadda hukumar NASA da kamfanin Lockheed Martin suka taimaka wajen ƙerawa.

Kwamfutar na ɗauke da taswirar tuddai da kwaruruwa, tana kuma lissafa inda jirgin ya dosa a kowane lokaci. Idan ta ga zai daki ƙasa kuma matuƙin bai motsa ba, sai ta daidaita fukafukan ta ɗago shi, sa'an nan ta mayar masa da tuƙi.

A watan Mayun 2016, wani ɗalibin matuƙi ya suma a G 8.3 a sararin jihar Arizona. Jirginsa ya faɗo daga tsawon ƙafa 17,000 zuwa ƙasa da ƙafa 9,000, malaminsa na ta kiransa a rediyo babu amsa, kafin na'urar ta ɗago shi.

Rundunar ta fitar da bidiyon a watan Satumban wannan shekara, kuma a 2019 aka fara sa na'urar a jiragen F-35.

Tsofaffin jirage irin su Alpha Jet da L-39 dai an ƙera su ne tun a shekarun 1960 da 1970, kafin zuwan irin wannan fasaha. A cikinsu, abin da matuƙi ya dogara da shi shi ne wandon matsinsa, da horon da ya samu, da kuma fara yunƙuri a kan lokaci.